Amsa ga Maman Yara: Katun ɗin Waya ko Shirin Yara na Gidan Talabijin?

Salamu alaikum, Maman yara. Kin ce kina da biyu, ɗan shekara uku da 'yar shekara bakwai, da sun dawo daga makaranta sai su manne wa wayarki suna kallon katun har a kira magariba, in kin karɓe kuma gida ya kaure da kuka. An ba ki shawara ki mayar da su kallon shirye-shiryen yara na gidan talabijin na gwamnati, ke kuma kina tambaya ko da gaske akwai bambanci, ko kuwa duk kanwar ja ce.

Akwai bambanci, amma ki neme shi wurin wanda ya biya kuɗin shirin da abin da yake so ya samu. Mai loda katun a YouTube da yawan kallo yake cin abinci, don haka duk dabarar da za ta hana yaro ɗauke ido ita yake bi: launi mai ƙyalli, ihu, hoto na sauyawa kafin ka gane na farko, ana gama wannan wancan ya fara da kansa. Shirin da aka yi da kuɗin jama'a ko na gidauniya kuwa, abin da masu ba da kuɗin ke tambaya shi ne me yaron ya koya.

Misali mafi girma shi ne Sesame Street, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1969. Joan Ganz Cooney da Lloyd Morrisett ne suka kafa shi domin 'ya'yan talakawa da ke shiga firamare ba su san ko harafi ɗaya ba. Yadda suke aiki shi ne abin lura. Marubuci ba ya ɗaukar alƙalami sai masana ilimin yara sun rubuta abin da ake so yaro ya iya bayan kallo, kamar ya gane harafi kaza, ko ya bambance babba da ƙarami. In an haɗa shirin, sai a zaunar da yara gaban talabijin, a ajiye wani allo a gefe yana sauya hoto duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, mai bincike na lura da inda idonsu ya koma. Duk wurin da yara suka juya wa shirin baya, a sake shi ko a yar. Ta haka suka gano cewa in manya kaɗai ke magana yara na watsewa, sai suka haɗa 'yan tsana da mutane wuri guda. A 2013 wasu masu bincike biyu, Mares da Pan, sun tattara nazari 24 da aka yi kan yara fiye da 10,000 a ƙasashe 15, suka ga masu kallon shirin sun fi takwarorinsu a haruffa, lissafi da sanin tsafta da lafiya.

Mu ma an yi mana namu. A 2011 NTA ta fara nuna Sesame Square, da tallafin USAID, hukumar raya ƙasashe ta Amurka, inda ake ganin 'yan tsana biyu, Zobi mai son doya da Kami, yarinyar da ke ɗauke da cutar ƙanjamau amma tana wasa da kowa. Daga baya aka yi na Hausa, Dandalin Sesame. Akwai kuma na kamfanin Ubongo na Tanzaniya: Akili and Me na 'yan shekara uku zuwa shida, da Ubongo Kids na waɗanda suka kai bakwai, duka an juya su zuwa Hausa. Waɗannan su suka dace da naki biyun, kowa da nasa. Kafin su duka, tun shekarun 1980, NTA na da Tales by Moonlight, wanda tatsuniya ce kawai aka ɗora a allo, kuma ba ƙaramin aiki ya yi ba.

Sai dai kada ki ce tunda tashar gwamnati ce kin huta. Yawancin lokacin tashoshinmu labarai ne da tarukan hukuma, shirin yara ɗan yanki ne, kuma da wani biki ya taso shi ake fara turewa. Ga wuta: ƙarfe huɗu ta yi, an ɗauke. Shiryawar kuma da kuɗin tallafi ake yi, in tallafin ya ƙare sai a yi ta maimaita tsofaffi. Wannan na ƙarshen ba aibi ba ne ga ƙaramin yaro, zan zo kansa. Abin da ya fi tabbas shi ne ki mallaki shirin a hannunki. Ki sauke kashi goma ko goma sha biyar lokacin da data ke da sauƙi, ba sai mai tsananin kyau ba, 360p ya isa. In kin samu a filashi ko memori, ki soka a talabijin, domin babban allo daga nesa ya fi waya a hannun yaro: ba ya iya shafawa ya tsallake, kuma rimot na wurinki. In dole sai a waya, ki kashe data gaba ɗaya kafin ki miƙa. In kuma kai tsaye za su kalla, ki kashe abin nan da ke fara bidiyo na gaba da kansa, ki yi amfani da YouTube Kids, ki zaɓi tsarin da iyaye ke tantance tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Ki nemi tashar masu shirin ta ainihi, don akwai masu ɗaukar hoton sanannun 'yan katun su haɗa shirme, wani har da abin da bai dace ba. Kowane sabon shiri, ke ki fara kallon kashi ɗaya ko biyu, ki ga sutura da magana da yadda yara ke yi wa manya.

Maganar lokaci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019: ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ƙasa da haka ya fi. Ɗanki mai shekara uku kashi ɗaya ya ishe shi, abin da bai wuce rabin awa ba. Babbar, awa ɗaya ta ishe ta, bayan ta gama aikin gida da tilawa. Ki kafa lokacin ya zama sananne, misali bayan an taso daga Islamiyya kafin magariba, ban da lokacin cin abinci, ban da awar ƙarshe kafin barci. In akwai na goye, shi kam babu ruwansa da kallo. Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta gwada a 2003: jarirai 'yan wata tara da aka zaunar da su da mutum yana yi musu Sinanci sau 12 sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka nuna wa mutanen a bidiyo kuwa ba su tsinci komai ba.

Inda aikin yake shi ne zamanki kusa da su. Shiri mai kyau yana yin tambaya ya yi shiru ya jira amsa. Yaron da ke shi kaɗai sau da yawa zuru yake yi. In kina gefe, ko da kina tsince shinkafa, sai ki ce, "To, Abba, wanne ne ja?" Ya nuna, ki yaba. An gama kuma ki sauko da darasin tsakar gida. An koya ƙirga zuwa biyar yau? Ki ajiye dabino a faranti ki ce ya ba ki guda huɗu. A nan za ki gane gaskiya, don yara da yawa na rera ɗaya zuwa goma kamar waƙa, amma ka ce su miƙo huɗu sai su dumbuza. Rerawa hadda ce, miƙo huɗun shi ne lissafi. An koya harafi? Ku neme shi a jikin gwangwanin madara ko kwalin ashana. Babbar kuma ki ce ta ba ki labarin daga farko: wa ya yi me, me ya sa, da ke ce ya za ki yi? Minti biyar ya isa. In ta kasa faɗin komai sai waƙar farko, shirin ya fi ƙarfinta ko kuma ba shi da abin faɗa.

Harshe ma ki duba. Iyaye da yawa na sa wa ɗan shekara uku katun na Turanci wai ya koyi Turanci. Zai kwaso kalma biyar da karin magana irin na 'yan katun, amma darasin da ke ciki ya wuce shi, tunda bai ji bayanin ba. Ƙirga, siffa, wanke hannu, haƙuri da ƙane, a bar shi ya fahimce su da Hausa tukuna, in ya ji su da Turanci a aji suna ne kawai zai sauya wa abin da ya riga ya sani. Babbar tana iya haɗa biyun: ta kalli kashi da Hausa yau, gobe ta kalli shi ɗin da Turanci.

Maimaici kuwa, kada ya gundure ki don ke kin gaji. Ƙaramin yaro a kallon farko labari yake bi, a na uku ya fara amsa tambayoyin, a na biyar yana riga su faɗa. Kashi ɗaya na iya yi masa mako guda.

Kukan da ake yi in kin karɓe waya yana da sanadi: kina yanke abin da ba shi da ƙarshe ne a tsakiya. Shiri mai farko da ƙarshe ya fi sauƙi. Kafin a kunna ki faɗa, "Ɗaya za a kalla, in an yi waƙar bankwana an gama." Saura kaɗan ki tuna masa, an gama ki bar shi ya danna makashin da hannunsa, kuma ya zama akwai abin da ke biye nan take, wanka ko alwala ko aike zuwa ɗakin kaka. Kwanakin farko sai an yi rigima. In kin mayar da wayar don ya yi shiru, kin koya masa farashinta kenan, gobe kukan zai fi na yau. Ki sanar da babansu da yayyen gida da mai aiki tsarin, don in ke kin hana wani ya miƙa tasa a zaure, aikin banza aka yi. Talabijin ɗin falo da ke kunne tun safe ana fim babu mai kallo, ita ma a kashe ta, tana rage hirar da ake yi da yaro, tana kuma katse masa wasa duk sanda ƙara ta tashi.