Tambaya da Amsa: Na ƙara wa firosesa gudu, yanzu kwamfutar ta ƙi tashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah a taimaka min. Na haɗa kwamfutar tebur da kayan hannu, firosesa Intel i5-9600K, madabod Z390, RAM 16GB, da ita nake haɗa bidiyon biki ina samun na abinci, da daddare kuma in ɗan buga gem. To sai na ga wani a YouTube ya kai irin tawa 5.0 GHz, ni ma na shiga BIOS, wurin saitin madabod, na rubuta 50 a lambar gudun firosesa, na kunna XMP mai ƙara wa RAM gudu, boltej na bar shi a Auto. Da farko ta tashi lafiya lau har ina murna, amma ina fara fitar da bidiyo fanka ta kama ihu zafi ya kai 98, can sai shuɗin allo da rubutu wai WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR. Na koma na rage boltej zuwa 1.15 don na ji an ce shi ke kawo zafi, na kuma ɗaga RAM daga 3200 zuwa 3600, toh tun daga nan ko BIOS ɗin ba ta shiga, fankoki na juyawa allo baƙi ƙirin. Wallahi ko barci ban yi ba. Na ƙona ta ne? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka ka je ka yi barci, da wuya in ka ƙona wani abu. Ƙarancin boltej ba ya ƙona firosesa, hana ta tashi kawai yake yi, shi ma RAM ɗin da ka ɗora wa 3600 in bai iya ba haka zai yi, fanka na juyawa allo shiru. Madabod ɗin ce ta riƙe lambobin da ka ba ta take ta gwadawa tana faɗuwa, sai ka sa ta manta da su.

Zare wayar wuta daga bango gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15 don ragowar wutar ciki ta fita. Buɗe murfin, za ka ga wani ɗan zagayayyen batir mai sheƙi an rubuta CR2032 a kansa, wani lokacin yana ɓuya a ƙarƙashin katin hoto. Cire shi, ka ba shi minti 5, ka mayar. In ka ga wasu ƙananan ƙarafa biyu a tsaye an rubuta CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1 a gefensu, haɗa su da bakin sukundireba na 'yan daƙiƙu ma ya wadatar, amma fa wuta a cire. Idan ta tashi za ka ga agogo ya rikice, ƙila ma sai ka sake nuna mata faifan da Windows yake, wannan ba matsala ba ce. In har yanzu shiru, bar sandar RAM ɗaya tak a rami na biyu daga firosesa ka sake gwadawa, kuma ka duba ko madabod ɗinka na da 'yan fitilun nan huɗu, CPU, DRAM, VGA, BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna maka inda aka maƙale.

Yanzu maganar asali. Ka taɓa abu uku lokaci guda, gudun firosesa, boltej, da RAM, to da ta faɗi ta ina za ka gane mai laifi? Ni a ganina nan ne duk matsalar take, ba a kayan ba.

Lambar da ka rubuta ana ninka ta ne da 100 MHz, shi ya sa 50 ta ba ka 5.0 GHz. Ita 9600K mai ƙwaƙwalwa (core) shida ce, daga kamfani 3.7 take, tana iya hawa 4.6 in ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke aiki, in kuwa duka shidan ne wajen 4.3 take tsayawa. Ka ga kenan tsalle ka yi daga 4.3 zuwa 5.0 a kan duka shida, ba ƙaramin tsalle ba ne. Shi kuma Auto ba tausayi ya sani ba, da madabod ta ga 50 sai ta antayo boltej da yawa don ta tabbatar an tashi, ana iya ganin 1.4 ko sama. Zafi kuwa ba ɗaya-ɗaya yake bin boltej ba, ninki yake yi, ɗan ƙari kaɗan sai ka ga digiri goma ya hau. 98 ɗin da ka gani saura biyu ka taɓa 100, iyakar da firosesar ke fara rage gudu da kanta don ta tsira. Shuɗin allon WHEA ɗin nan, da ɗan'uwansa CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, yawanci cewa suke firosesa ba ta tsaya da ƙafarta ba a wannan gudun, ko boltej ya zube lokacin da aiki ya yi nauyi ko zafi ya yi yawa. In kuwa MEMORY_MANAGEMENT ka gani, fara zargin RAM.

Shi mutumin YouTube ɗin kuma ka bar kwafar lambobinsa. Firosesa biyu masu suna ɗaya daga masana'anta ɗaya ba sa zama ɗaya, kamar 'ya'yan ciki ɗaya ne, wani ya ɗauki buhu ya ruga wani rabi ma sai da nishi. Sannan ina yake zaune? Mai yiwuwa ɗaki mai digiri 22. Kai kana Sakkwato inda watan Afrilu ke wuce 40, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara kusan haka yake ƙaruwa a kan firosesa, fanka ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar ɗakin take hurawa. Ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Ba ka faɗa min wace irin fanka ka ɗora ba, 9600K dai ba ta zuwa da tata a kwali, in irin 'yar ƙaramar nan ce ta kwamfutar ofis aka manna maka to a nan za a tsaya sai ka sayi babba mai bututun jan ƙarfe, ka kuma goge tsohon man zafin da ya bushe ka ɗiga sabo.

In ta tashi, kar ka taɓa komai tukuna. Sauke HWiNFO64 mai nuna zafi da Cinebench R23 mai gwada ƙarfin firosesa ya ba da maki, kyauta ne, ka gudanar da Cinebench na minti 10 a yadda ta zo, ka rubuta maki da zafi a takarda, eh takarda da biro, saboda bayan gwaji na biyar ba za ka tuna me ka sa a na biyu ba. In a haka ma ta wuce 80 to ba ka da wurin ƙari. In tana ƙasa, bar XMP a kashe, sa 46 a duka ƙwaƙwalen, boltej ka sa da hannunka 1.25, LLC ka ɗora shi a tsakiya, shi ne ke rage zubewar boltej in aiki ya taso. Gwada. Ta wuce, koma 47. Ta faɗi, ƙara 0.01 ko 0.02 kawai ka sake. Ni dai a wannan firosesar ba na ba kowa shawarar wuce 1.35 don aikin kullum, zafi kuma kar ya zauna sama da 85, duk wanda ka fara cin karo da shi a cikin biyun nan ka koma baya mataki ɗaya. Kuma boltej mai yawa ba lallai ya kashe ta yau ba, a hankali yake cinye ta. A 2024 Intel da kanta ta amsa cewa boltej da ya wuce kima ne ya riƙa lalata wasu firosesocinta na zubi na 13 da 14, har ta ƙara musu garanti na shekara biyu.

Tunda bidiyo kake fitarwa nemi AVX Offset a BIOS ka sa 1 ko 2, irin wannan aikin ya fi gem dafa firosesa, saitin zai sa ta sauka da 100 ko 200 MHz in an zo wurin. Gwajin ƙarshe ka yi awa ɗaya da OCCT, manhajar da ke ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, sannan ka fitar da dogon bidiyo na gaske, kuma da rana tsaka ba da asuba ba. Kar ka yi gwaji a kan ƙaramin janareta da ke shaƙewa, za ta mutu ka ɗora wa saiti laifi alhali wuta ce. Sai duk wannan ya zauna za ka kunna XMP a 3200 ɗinsa, ka bi shi da MemTest86 mai gwada RAM.

Gaskiya in ka samu 4.7 ko 4.8 ka riƙe abinka. Tsakanin 4.8 da 5.0 kashi 4 cikin ɗari ne, bidiyon minti 25 minti ɗaya ka rage, a kan injin da amarya ke jiran aikinta ya fito daga ciki.

TAMBAYA: Malam ni tawa irin ta ofis ce, HP mai i5-6500, na duba BIOS kaf ban ga inda ake canza lambar ba. Akwai manhajar da za ta buɗe min? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Babu 'yar'uwa, kar ma ki sauke abin da zai cika miki kwamfuta da bairos. A wajen Intel sai firosesa mai K a ƙarshen suna da madabod mai Z, taki ba ta da ko ɗaya. AMD Ryzen ne yawancinsu ke zuwa a buɗe, su ma sai da madabod irin B450 ko B550. In nauyi take miki, duba ko har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki ki canza zuwa SSD, in kuma sandar RAM ɗaya ce ki ƙara ta biyu irinta.