Tambayoyinku: Ina jirgin ya fuskanta lokacin da ya ɗauki hoton?

Daga wani dillalin filaye a Ikorodu: Malam, ina da jirgi maras matuƙi ƙirar DJI, da shi nake ɗaukar hotunan filaye a wajen Ikorodu da Epe in tura wa masu saye a Kano da Sakkwato. Kullum sai sun tambaye ni ina gabas take a hoton, ni kuma idan na dawo gida duk dajin iri ɗaya nake ganinsa. An ce jirgin yana rubuta inda ya fuskanta a cikin hoton, amma na buɗe Properties a kwamfuta, lambobin wuri kawai na gani.

Alhaji, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, wurin da ka duba ne bai kai can ba. Hoton JPG yana ɗauke da bayanai kashi-kashi. Akwai EXIF, inda kwanan wata da lambobin GPS suke, shi Windows yake nuna maka. Akwai kuma XMP, a nan DJI yake zuba nasa bayanan, Windows kuwa ba ya leƙa wurin.

Hanya mafi sauri ba ta buƙatar sauke komai. Ka buɗe hoton da Notepad. Za ka ga shirme ya cika fuskar kwamfutar, kada ka damu. Danna Ctrl da F, ka rubuta Yaw. Layuka biyu za su fito: FlightYawDegree, wato inda hancin jirgin ya fuskanta, da GimbalYawDegree, inda kyamarar ta fuskanta. Idan ka gama ka rufe ba tare da ka danna Save ba, don muddin Notepad ya adana fayil ɗin hoton ya lalace. Ka yi aikin a kan kwafi.

Lambar tana tafiya ne daga -180 zuwa +180. Sifili arewa, +90 gabas, -90 yamma, 180 kudu. Idan ta zo da alamar ragi, ka ƙara mata 360 ta koma irin ta kamfas: -135 ta zama 225, kudu maso yamma ke nan. A yawancin ƙananan jirage kyamara ba ta waiwaye ita kaɗai, inda hanci ya kalla nan take kallo, don haka lambobin biyu suna kusa da juna. Wasu ƙananan ma sukan rubuta +0.00 a layin kyamarar a kowane hoto. In ka ga haka ba arewa kake kallo kullum ba, ka yi watsi da layin ka ɗauki na jirgin.

Ka duba GimbalPitchDegree kuma, wato yadda kyamarar ta sunkuya ko ta ɗaga. In ya nuna -90, kyamarar ƙasa take kallo tsaye, to lambar fuskantar tana gaya maka inda saman hoton ya nufa ne. Misali ta ce +90: saman hoton gabas, hannun hagu arewa. Sannan kada ka rikita fuskanta da tafiya. Jirgin yana iya kallon gabas yana tafiya arewa a kaikaice, hoton ba zai gaya maka hanyar da ya bi ba.

Mai hotuna ɗari biyu ba zai zauna yana buɗe Notepad ba. Ka sauke ExifTool, manhajar karanta bayanan hoto ce ta kyauta, ka shiga foldar hotunan ta wurin rubuta umarni ka sa:

exiftool -csv -FlightYawDegree -GimbalYawDegree -GimbalPitchDegree -RelativeAltitude *.JPG > fili.csv

Zai fitar maka da teburi guda da Excel yake buɗewa, kowane hoto da layinsa. Ni dai shawarata kullum ita ce a rage wa kai wahala tun a fili: kafin ka fara aiki ka juya jirgin ya kalli arewa, ka sunkuyar da kyamara ƙasa ka ɗauki hoto ɗaya. Shi za ka fara tura wa mai saye.

Daga wata mai shirya bukukuwa a Idi-Araba: Mai ɗaukar mana hoto ya turo min ta WhatsApp, ƙanena ya bincika bai ga ko ɗaya daga cikin bayanan nan ba.

Hajiya, WhatsApp yana matse hoto ya goge bayanan da ke cikinsa, Facebook ma haka. Ya turo miki a matsayin Document, ko ya kwafo daga foldar DCIM da ke cikin memorin jirgin. Wanda manhajar sarrafa jirgin ta ajiye a waya lokacin tashi ƙaramin kwafi ne, ba a dogara da shi.

Daga wani ɗan kwamitin masallaci a Alaba Rago: Muna faɗaɗa masallaci, kuma ana gardama kan alƙibla. Wani yaro ya ce zai tashi jirginsa daga saman dekin da aka zuba, ya juya shi ya karanta lambar, magana ta ƙare.

Malam, don Allah ku dakatar da yaron nan. Wannan tambayar ta haɗa abubuwa biyu da suke tayar min da hankali, sallar jama'a da kuma tashi daga kan deki.

Lambar da muka yi bayani a sama daga kamfas ɗin da ke cikin jirgin take samo asali, kamfas kuwa maganaɗisun ƙasa yake saurare, wanda ba shi da ƙarfi sosai. Duk wani ƙarfe da ke kusa yana iya rinjayarsa. Dekin siminti cike yake da rodi, a jere a gicce, dab da ƙarƙashin cikin jirgin. Lokacin da aka kunna jirgi ne yake tambayar kamfas ina arewa, ya riƙe amsar ya ci gaba da lissafi a kanta. In rodi ya karkatar da amsar da digiri 30, to da wannan kuskuren zai tashi, da shi kuma zai rubuta a kowane hoto, kuma lambar za ta fito tsaf har da ɗigo da ƙananan lambobi kamar gaskiya ce.

Abin bai tsaya ga hoto ba. Da jirgin ya yi sama iska ta ɗan tura shi, GPS zai ce masa ka goce, koma. Shi kuma zai koma ta inda yake zaton daidai ne, sai ya ƙara gocewa, ya sake gyarawa ta hanyar da ba ita ba. Sai ka ga yana kewaye kamar muciya a tukunyar tuwo, da'irar tana ƙara faɗi, har ya daki bango ko ya yi gaba ba a sake ganinsa ba. Mutane su ce jirgi ya gudu, alhali tun a ƙasa aka ɓatar da shi. Murfin mota, bayan akori-kura, rufin kwano, kusa da taransifoma ko babban janareto, murfin kwalbati, duk matsalar ɗaya ce. A Legas kuma, inda ba ka taku goma ba ka taka ƙarfe ba, dole ka nemi turɓaya ko ciyawa da gangan.

Ga abin da nake so kowane mai jirgi ya mayar da shi ɗabi'a, daƙiƙa biyar yake ci. Kafin ka tashi ka kalli taswirar da ke cikin manhajar. Kibiyar da ke wakiltar jirgin dole ta kalli inda hancin jirgin yake kallo a zahiri. Hanci yana kallon titi, kibiya tana kallon lagun? Kashe shi, matsa gaba da taku ashirin, sake kunnawa. Kada ka ce za ka saita kamfas a wurin da ya rikice, don gurɓataccen maganaɗisun wurin za ka koya masa. Saiti sai manhajar ta nema, a fili, babu makullai ko waya a jikinka: ka juya shi zagaye guda a kwance, zagaye guda a tsaye.

Alƙibla daga Legas wajen digiri 63 ce daga arewa ta gaskiya, wato gabas maso arewa. Ko lafiyayyen kamfas na jirgi yana iya kuskuren 'yan digirori, bai kamata a ɗora sahu a kansa ba. Ku yi amfani da rana. A ranakun 27 da 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da kuma 15 da 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. Ku kafa sanda a tsaye cak a shimfiɗaɗɗen wuri, ku ja layi a kan inuwarta. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar ya kalli sandar, alƙibla yake kallo. Damina ce, hadari yana iya rufe ranar. In ba za ku iya jira ba, ku buɗe Google Earth, ku ja layin awo daga masallacin zuwa Ka'aba ku ga yadda ya ratsa bangonku, sannan ku kira ƙwararren mai safiyo ya tabbatar kafin a aza bulo.

Daga wani matashi a Agege: Yayana ya kawo min ƙaramin DJI Mini. Ina so in fara koyo a filin ƙwallon unguwarmu. Me zan kiyaye?

Ƙanena, abu na farko da za ka kiyaye shi ne filin ƙwallon nan. Ɗaga kanka sama ka ƙirga jiragen da ke wucewa a awa ɗaya. Titunan sauka biyu na filin jirgin Murtala Muhammed sun miƙe ne arewa da kudu, Agege tana bakinsu ta arewa, Oshodi da Mafoluku ta ɗaya gefen. Nan ba wurin koyo ba ne, ko da nauyin jirginka giram 249 ne. Kada kuma ka ce ai manhajar ta bari ya tashi, wani lokaci gargaɗi kawai take yi. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa tashin irin waɗannan jirage sai da izininta da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka ka nemi ƙa'idar da ake bi yanzu daga wajensu. Barikin soja na Ikeja, Dodan Barak a Obalende, tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko kusa kada ka je.

Ka fita bayan gari, fili mai faɗi da babu jama'a, da sassafe kafin iskar teku ta taso. Ka jira manhajar ta ce ta kama taurarin ɗan'adam ta kuma adana wurin tashi. Ka saita tsayin komowa gida, wato tsayin da jirgin zai hau in zai dawo da kansa, ya wuce duk abin da ke kewaye da kai, eriyar kamfanin waya da wayoyin babban layin wuta su ne ma'auni, amma kada ka haura mita 120. Ka ɗaga shi mita biyu ka bar shi ya tsaya na rabin minti. In ya tsaya cak, ci gaba. In yana yawo, sauke shi.

Sandar hagu hawa da sauka da juyawa, ta dama gaba da baya da gefe. Batir biyar na farko ka bar wutsiyarsa tana kallonka, don da zarar hancinsa ya juyo gare ka damarka ta zama hagunsa, a nan sababbin hannu suke kai shi bishiya. In ka rikice ka saki sandunan biyu, zai tsaya da kansa. Ka zauna a yanayin Cine, mai tafiya a hankali. Sport, mai gudu, ba naka ba ne tukuna, na san shi za ka fara dannawa.

Ka fara tafiya kana fuskantar iska domin ta turo shi a dawowa. Ƙananan jiragen nan iskar mita 10 a daƙiƙa ce kusan iyakarsu, ta sama kuma ta fi wadda kake ji a fuskarka ƙarfi. Batir ya kai kashi 30, juyo. A kan ruwan lagun kada ka yi ƙasa-ƙasa, idanun da ke ƙarƙashinsa ba sa gane ruwa mai ƙyalli, yana iya nutsewa a hankali ba ka lura ba. A bakin teku ka shimfiɗa kwali ko tabarma ka tashi daga kai, yashi yana cinye injin farfela. Shirwa ta fara zagaye shi, yi sama da sauri ka kauce sannan ka dawo gida.

Daga Mile 12: Batirina ya kumbura amma yana aiki.

Ya gama aiki. Cire shi daga ɗakin kwana yau ɗin nan, kada ka sake cajinsa. Sabon kuma kada ka bar shi a mota cikin rana, in zai kwana biyu ba aiki ka ajiye shi da caji wajen rabi.

Daga Obalende: Bidiyo fa, yana nuna inda aka fuskanta?

Kunna Video Subtitles kafin ɗauka, za ka samu lambobin wuri da tsayi, amma ba kowane jirgi yake sa fuskanta a ciki ba. Wadda ba ta ɓata tana cikin tarihin tashi da manhajar take ajiyewa a wayarka. Ɗora fayil ɗin a shafin Airdata mai karanta tarihin tashi, ka sauke shi a matsayin CSV, teburin da Excel yake buɗewa, ka daidaita lokacin da ke ciki da na bidiyon.