Wane ruwa zan sha a hanyar hawa dutsen Chappal Waddi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙwayar Aquatabs, wato ƙwayar kulorin da ake jefawa cikin ruwan sha don kashe ƙwayoyin cuta, ita kaɗai za ta ishe ka tafiyar kwana huɗu a ƙasa cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Gaskiya ba za ta isa ba. Rafukan can shanu na sha daga gare su, kuma kashin shanu na ɗauke da Cryptosporidium, wata ƙwayar cuta mai sa gudawa wadda sinadarin kulorin ba ya kashewa. Gudawa ce za ta kwantar da kai a inda babu asibiti kusa.

Ni dai haɗa biyu nake yi. Ina tace ruwan da ƙaramar matata irin Sawyer Mini, mai cire Cryptosporidium da tsutsotsi da bakteriya amma ba ta tare bairos, sannan in jefa ƙwayar Aquatabs don ta kashe bairos ɗin, in jira minti 30. Idan ruwan ya yi ja da laka, sai in bar shi ya kwanta a gora, in zuba ta tsaftataccen ƙyalle tukuna, in ba haka ba matatar za ta toshe tun ranar farko.

Da dare kuma a sansani, tafasa ya fi komai. Kusa da ƙololuwa, da yake dutsen ya haura mita 2,000, ka bar shi yana tafasa minti 3.