Tambayi Gwaggo: Sun rabu, ni aka bari a tsakiya

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga Garwa nake rubuto miki. Ƙawata ce tun muna lekol, mijinta kuma aminin maigidana ne, shagonsu ɗaya a babbar kasuwa, kai a gidanmu ma suka fara ganin juna. Yaransu uku. Bara bayan babbar sallah ya yi mata saki ɗaya ta koma gidansu a Marwa. Tun lokacin kullum sai ta turo min murya a WhatsApp, me ya ce, da wa aka gan shi, shi kuma in ya zo cin tuwon dare sai ya dinga jefo magana wai ko mutuniyar ta kira. Yanzu zai yi aure, an kawo mana kati har da anko, ita kuma ta ce in na taka wajen bikin nan ni da ita har abada. Maigida ya ce dole mu je. Ya zan yi?

Maman 'yan biyu, Garwa

Wa alaikumus salam 'yata. Bikin nan ba shi ne damuwarki ba, wayarki ce. Shekara guda kina zaune kin zama tashar da labari yake sauka, ita ta tambaya ki ɗan gutsura mata don kar ta ji haushi, shi ya jefo ki yi murmushi ki ce tana nan lafiya, kina ganin ai ba komai, alhali ko "na ga ya rame" kika ce mata to sai ta kwana tana juya shi, gobe yayarta ta ji, jibi ya dawo Garwa da kai da ƙafa an ce ke kika faɗa. Ki rufe wannan ƙofar, kuma da baki za ki rufe ta. Ki ce mata, wance, ina nan kamar da, amma maganar baban yara ba zan kawo ba, ba zan kai ba. Shi kuma maigidanki ne zai gaya masa, ba ke ba.

Ni fa jikina yana ba ni ƙawarki ba ta cire rai da komawa ɗakinta ba, shi ya sa katin ya yi mata zafi haka. Iddarta, tsarki uku, ta ƙare tuntuni, yanzu in za a mayar sai da yardarta da sabon sadaki da sabon ɗaurin aure. Kuma ko sulhun ma, aya ta 35 a Suratun Nisa'i mutum ɗaya ta ce a ɗauko daga danginsa, ɗaya daga danginta. Aikin kawunnai ne da baffanni, kar ki ɗora wa kanki. Haka kuɗin yara, ciyarwa a kan uba take, ya tura mata kai tsaye ta Orange Money ko MoMo, in rigima ta tashi akwai alƙali a fadar lamido. Ranar da kika karɓi sefa 20,000 a hannunsa don ki kai mata, ranar kika zama shaida.

Sai biki. Ki je, don aminin mijinki ne kuma abincin gidanki yana cikin shagon nan. Amma zuwa iri-iri ne. Ki leƙa da rana ki yi Allah ya sa alheri, ki ajiye gudummawarki ki fito. Ankon ki bar shi a leda. Ban da guɗa, ban da rakiyar amarya ɗakin da ƙawarki ta share shekaru tana sharewa, hoto a status kuwa kar ma ki soma, matan tontin ɗinku, wato adashi, kafin la'asar sun tura mata.

Kuma kar ki je a ɓoye. Kafin ranar ki hau mota ki tafi Marwa, kilomita 200 da 'yan kai ne, ki riƙe wa yara tsaraba, ki zauna a tabarmarta ki gaya mata ido da ido abin da za ki yi da wanda ba za ki yi ba. Za ta yi fushi, wataƙila har ta kulle ki a waya. Bazawara ce da yara uku a gidan iyaye, a yi mata uzuri. Ke dai kar ki rama, sallah ta zo ki aika gaisuwa, ɗanta ya yi zazzaɓi ki kira mamarta ki tambaya.

Amaryar kuma ba ta yi miki laifi ba, in ta gaishe ki ki amsa da fara'a. Sai dai in ta fara "wai ya uwar yaran take da hali", amsar da kika ba ƙawarki ta Marwa ita za ki ba ta.