Sabon Gida Fil: Me Zan Duba Kafin In Cika Kuɗi?

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan makon, duk a kan gidan da aka gama ginawa ba a taɓa zama a ciki ba.

Assalamu alaikum Malam. An nuna mana gida sabo, ko ledar jikin ƙofofinsa ba a ɓare ba, kuma ni da maigidana ya kwanta mana. Tunda sabo ne, akwai sauran abin dubawa? Dillali ya ce mu hanzarta, wasu ma suna zawarcinsa.

Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai, har ya fi na tsohon gida yawa. Tsohon gida ya riga ya tona asirin kansa: inda yake yoyo akwai shaida a silin, inda bango ke shan ruwa fenti ya kumbura, maƙwabta kuma sun san labarinsa. Sabo kuwa wataƙila ko damina ɗaya bai gani ba, ba wanda ya taɓa wanka a banɗakinsa, don haka ku ne zakaran gwajin dafi. Ga fenti yana cikin mafi arhan kayan gini, kuma babu abin da ya kai shi iya rufa wa magini asiri.

Ku koma da rana tsaka, ku riƙe bokiti, tocila da cajar waya. Ku fara da ruwa, domin yawancin kukan masu sabon gida daga nan yake fitowa. A cika bokitin a kwara a kusurwar banɗaki da ta fi nisa da ramin fitar ruwa, sai a tsaya a zuba ido. In ruwan ya nufi ramin da kansa, madalla. In ya kwanta a tsakiya, ko ya doshi ƙofa, to an daɓe ƙasan ba gangara, gyaransa kuma sai an fasa tayil. Daga nan a buɗe duk famfunan gidan lokaci guda, a kora ruwan masai, a bar su kamar minti 10. A sa busasshiyar takarda ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu, a zagaya a shafa bayan bangon banɗakin, in bene ne a sauko a ɗaga kai a dubi silin ɗin da ke ƙasansa. Na taɓa raka wani aboki irin wannan dubiya, gidan kamar ka lashe don kyau. Minti biyar da buɗe famfo sai ga ruwa yana dawowa ta ƙasan banɗaki yana ɓulɓulowa. Ashe a bututun masu aiki suka riƙa wanke kwanon siminti, ya daskare a ciki.

Maigida ya samo tsani ya leƙa cikin silin, ya kashe tocilar ya ɗan jira idonsa ya saba da duhu. Duk inda ya ga ɗigon haske a jikin kwano, nan ruwa zai bi. Ya kunna ya dubi katakon, ko an shafe shi da maganin gara. A waje kuma ku lura da tsayin ƙasa: daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi titi, ƙasar ta gangara daga jikin bango, ba ta gangaro masa ba. In akwai rijiya ko burtsatse, a auna nisanta da sokawe, wato ramin da ruwan masai ke taruwa. Mita 30 ake so, kuma na maƙwabta ma ana lissafa shi.

Sauran ba su da wuya. A bi tayil ana ƙwanƙwasawa da mukulli, wanda ya yi amo kamar ganga ba siminti a ƙarƙashinsa, ba zai daɗe ba zai fashe. A buɗe kowace ƙofa da taga a rufe. A jona caja a kowane soket. Wayar cikin bango ce ba za ku iya gani ba, nan kam sai mai gyaran wuta na ku, ba na magini ba. Ya duba ko jan ƙarfe ce ta gaske, ko kaurinta ya kai (yawanci mai lamba 1.5 ta fitila, 2.5 ta soket, ta hita da na'urar sanyaya ɗaki ta fi haka), da ko an binne wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta.

Maganar dillali kuwa, haka yake gaya wa kowa. In da hali ku dawo ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ku ga inda ruwa ke kwanciya.

Malam, na ga tsaga a bangon falon gidan da nake ciniki. Mai ginin ya ce ba komai, duk sabon gini haka yake. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ce, ɗan'uwa. Gini yana shan ruwa mai yawa lokacin aiki. Kankare na kai ƙarfin da ake auna shi da shi ne a kwana 28, amma bushewar gida gaba ɗaya tana ɗaukar watanni, wani lokaci har shekara. Yana bushewa yana ɗan tsukewa, sai filasta ta yi siraran tsaga kamar gashi, musamman inda bango ya haɗu da silin. Waɗannan cikewa ake yi a shafa fenti.

Wadda za ta hana ka barci ita ce tsagar da ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko take bin layin bulo kamar matakala, ko bakinta ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ka zagaya waje: in ta ɓulla ta can a daidai wurin, ba filasta ce kaɗai ta tsage ba, bangon ne. In faɗinta ya kai milimita 5, ko ƙofar da ke kusa ta fara cijewa, alama ce ta harsashin ginin yana zaunawa. Ka sa fensir a ƙarshen tsagar ka rubuta kwanan wata, ka ɗauki hoto, ka dawo bayan mako uku ko huɗu. In ta wuce alamar, kada ka ƙara biyan komai sai injiniyan gini ya gani. Ka kuma tambaya me ke wurin kafin a yi ginin. Filin da aka cike kududdufi ko juji aka ɗora gida a kai yakan yi shekaru yana lotsawa.

Ni bangon da aka yi wa sabon faci aka sake fenti a wuri ɗaya tak ya fi ba ni tsoro. Ka jingina tocila a jikin bangon haskenta ya bi shi a kwance, facin zai fito ɓaro-ɓaro.

Malam, na lissafa gyare-gyare 14 a gidan da zan saya. Kamfanin ya ce in cika kuɗi in karɓi mukulli, za su turo ma'aikata daga baya. In yarda?

A'a, Alhaji. Ranar da ka cika kuɗi, ranar wayarka ke daina shiga. Ba lalle don mugunta ba, ma'aikatan sun koma wani aikin ne, kai kuma ba ka riƙe da komai. Ka rubuta gyaran ɗaya bayan ɗaya da hotonsa, a sa ranar gamawa, ku sa hannu ku biyu, ka riƙe wani kaso sai an kammala. Wannan ba baƙon abu ba ne gare su: a kwangilar gini an saba riƙe wa ɗan kwangila kamar kashi 5 cikin ɗari na tsawon wata 6 zuwa 12 saboda abin da zai ɓulla.

Ka nemi garanti a rubuce, ka karanta abin da ya ƙunsa. A Faransa doka ta ɗora wa magini alhakin manyan lahanin gini na shekara 10, a Ingila ma yawancin sababbin gidaje da garantin shekara 10 ake sayar da su. A wurare da yawa kuwa abin da ke cikin yarjejeniyarka shi ne kawai naka.

Wani abu da ba ka tambaya ba, kuma ya fi gyaran 14 nauyi, shi ne takardu. Ka ɗauki lauya naka ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan mai sayarwa ne a takardar mallaka, kuma ba a jinginar da filin a banki ba, don masu gina gidajen sayarwa sukan ci bashi da filin. A ga izinin gini, a gwada zanen da hukuma ta amince da shi da abin da ke tsaye a ƙasa. Ɗakin da aka ƙara ba izini kai za a zo wa da takardar rusau. Safiyo ya auna iyaka. In rukunin gidaje ne, ka tambayi wa zai kula da titi, kwata da tsaro, nawa ake biya a shekara, kuma wa ke da ikon ƙara kuɗin. Ranar karɓar mukulli ka ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa, ka karɓi zanen da ke nuna inda bututu da waya suka bi a cikin bango, sannan ka canja kwaɗon ƙofar waje.