Wane ajin gasa ya dace da goɗiyarmu a Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina kusa da Bradford a Ingila. Bara na saya wa 'yata mai shekara 17 wata goɗiya danda, baƙi da fari, shekararta 9, tsayinta hannu 15. Ƙafafunta gajeru ne masu kauri, gezarta doguwa, gashi ya sauko ya rufe kofato. Fasfon goɗiyar, wato takardar shaidarta, bai nuna uwa ko uba ba. Yarinyar tana son shiga gasar nuna dawaki bana, amma da muka duba takardar gasar sai kanmu ya ɗaure saboda yawan azuzuwa. Ita ranta na kan ajin Hack. A bargar da muke ajiye goɗiyar wasu sun ce a aske ta a kai ta ajin Cob, wasu sun ce kul. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka, ya tsare mahayiya da abin hawa.

Kafin a taɓa almakashi, a nemo sandar awo da tef. Yawancin azuzuwan nan da tsayi ake raba su, kuma tsayin da mai sayarwa ya faɗa ba abin dogaro ba ne. Hannu ɗaya a wurin Turawa inci 4 ne, wato santimita 10 da 'yan kai, don haka hannu 15 ya kama santimita 152 da ɗoriya. A tsayar da ita a daben da ya miƙe, a auna daga ƙasa zuwa tudun kafaɗa, inda geza ta ƙare. Sannan a zagaya tef a ƙwaurin ƙafar gaba, dab da ƙasan gwiwa. Wannan awo na biyu shi suke kira ƙashi, da shi ake kimanta nauyin da doki zai iya ɗauka.

Sai batun Hack. Ina neman afuwar 'yarmu, amma wannan aji ba na goɗiyarta ba ne. Dokin Hack siriri ne mai laushin fata da dogon wuya, galibi jinin dawakin tsere ko gaurayensu da na Larabawa, wanda ke tafiya yana miƙa ƙafa a hankali kamar ba ya son taka ƙasa. Ƙaramin aji daga sama da santimita 148 zuwa 154 ne, babba zuwa 160. Ka ga tsayin goɗiyarku ya shiga, kuma a nan mutane ke ruɗewa: tsayi yana ba ka izinin shiga fili ne kawai, siffa ce ke kawo maki. Na san abin da ya ja hankalin yarinyar, kwat mai ruwan bula da ƙyalle mai launi a goshin doki. Alƙali kuwa zai jera goɗiya mai ƙirar ƙarfi kusa da waɗancan sirara, ya sa ta a ƙarshen layi ko da ta fi kowa ladabi.

Ajin Hunter, na dawakin farauta, shi ma ba nata ba ne. Ana raba shi da nauyin mahayin da doki zai iya wuni da shi a daji, akwai kuma ƙaramin aji ga wanda bai wuce santimita 158 ba. Amma ana neman doki mai dogon taku, wanda sukuwarsa ke cin ƙasa. Ajin Mountain and Moorland kuwa na jinsunan asali ne na tsibiran Birtaniya da Ireland, irin su Fell, Dales, Highland, Connemara da Welsh, kuma a manyan gasa sai da rajistar ƙungiyar jinsin. Fasfon da ba uwa ba uba ya rufe wannan ƙofa.

Abin da ya rage shi ne ainihin gardamar bargarku, kuma duk ɓangarorin biyu suna da hujja.

Kob ba jinsi ba ne, ƙira ce: gajeren ƙwauri, faffaɗan ƙirji, cikakken gindi, kai mai kyau a kan wuya mai ɗan gantsarewa, da natsuwar da za a ɗora dattijo a kai ba fargaba. A dokar British Show Horse Association, tsayinsa ya haura santimita 148 amma kada ya wuce 155. An raba ajin gida biyu. Mai sauƙin nauyi yana buƙatar ƙashi inci 8 da rabi aƙalla, ya ɗauki mahayi har kusan kilo 89. Mai nauyi kuwa inci 9 zuwa sama. Wanda ya zarce 155 yana da ajinsa daban, Maxi Cob. Sharaɗin da ba a ɗaga ƙafa a kansa shi ne aski: geza da tukkun goshi a kwashe su tas da inji, gashin ƙafa a share, wutsiya a rage ta a daidaita bakinta. Ribar askin ita ce goɗiyar za ta samu ƙofa biyu, ajin kob da kuma ajin danda, domin askakken kob mai launi biyu yana shiga nan ma.

Ɗaya hanyar ita ce a bar ta yadda Allah ya yi ta, a shiga ajin danda na gargajiya, wanda takardar gasa ke rubutawa Coloured Traditional. Ƙungiyoyi irin su CHAPS da BSPA ke kula da dawaki masu launi biyu, akwai kuma TGCA ta masu gashin gargajiya. A nan gashi dukiya ne. Amma ba kowane gashi ba. Wanda alƙalai ke so yana farawa daga bayan gwiwa, ya sauko ya zagaye kofato gaba da baya, mai santsi, miƙaƙƙe. Idan na goɗiyarku ɗan tuttu ne a bayan dunduniya kawai, to tana tsaka-tsaki, kuma irin wannan aski ya fi yi mata kyau.

Ga yadda za ka gane abin da ke ƙarƙashin gashin ba tare da ka yanke shi ba. A jiƙa ƙafafun sharkaf, a shafe gashin ya kwanta, ko a naɗe shi da bandeji. A tattara gezar a juya ta ɗaya gefen. Ka koma nesa kaɗan ka ɗauki hoto daga gefe, goɗiyar tana tsaye a kan ƙafa huɗu. Dubi wuyan: yana da tudu a sama, ko ya lotsa a gaban kafaɗa? Dubi ƙwauri: gajere ne mai faɗi, ko gashi ne ya ba shi kauri? Inji ba ya rufa asiri. Doki da yawa da ake yabo da gezarsu, ana aske su sai ka ga siririn wuya da katon kai.

Shawarata, bana kada a aske. Aski aikin rabin awa ne, amma geza irin wadda ka kwatanta sai ta shekara biyu ko fiye kafin ta dawo, kuma tsakanin nan goɗiyar ba ta nan ba ta can. Ku fara da ƙananan gasa na unguwa da na ƙungiyoyin mahaya, waɗanda ba sa neman rajista, kuɗin shiga kuma kaɗan ne. A irin waɗannan ana yawan samun ajin kob da ke karɓar mai gashi da askakke. Bayan an gama, yarinyar ta je da ladabi ta tambayi alƙali inda yake ganin goɗiyar ta fi dacewa. Idan alƙalai biyu ko uku suka ce kob ce, sai a kira mai inji. Sai dai ka sani riƙon gashi aiki ne: taɓon hunturu yana cinye shi, ƙananan ƙwari kan ɓuya a ciki su sa doki buga ƙafa da soshe-soshe, farin kuma sai an wanke an shanya shi da garin katako kafin ya yi haske.

Wanda ya saba da hawan sallah a Kano ko Katsina, inda kayan ado ke lulluɓe doki har ba ka ganin jikinsa, zai ga abin a juye a nan. Mahaya za su zagaya tare, tafiya, sassarfa, ƙaramar sukuwa, a juya hannu, a wasu azuzuwan a saki linzami a yi sukuwa. Sai a jera. Daga nan a sauke sirdi, a tsayar da doki tsirara gaban alƙali, a ja shi ya tafi, a dawo da shi da sassarfa. A ajin kob na manyan gasa alƙali da kansa yake hawa, don haka goɗiyar da ba ta san kowa ba sai 'yarka tana buƙatar baƙin mahaya tun a gida. Kasancewar dokin naku mace ba aibi ba ne ko kaɗan. Goɗiyoyi da dandaƙaƙƙu ne suka cika waɗannan azuzuwa.

Hattara da masu cewa a ƙara mata abinci ta cika ido. Irin wannan ƙira da ciyawa kaɗai take ƙiba, kuma ƙiba tana jawo kumburin cikin kofato, ciwon da kan gurgunta doki. Tsoka ake so, kuma kilisa da hawan tudu ke kawo ta, ba buhun hatsi ba.

Idan tana son tsalle, ku duba ajin Working Cob ko Working Hunter na ƙananan gasa, inda ake fara tsallake shingayen itace kafin a duba siffa, kuma tsallen ke ɗauke da kaso mafi tsoka na maki. Idan kuma hawa cikin taro yana tayar mata da hankali, a fara da ajin ja da hannu, ta saba da lasifika da tutoci.

In abin ya kankama har kuna hangen manyan gasa irin su Royal International a Hickstead cikin Yuli, ko Horse of the Year Show a Birmingham cikin Oktoba, to sai an yi rajista da ƙungiyar ajin, an kuma samo takardar tsayi daga Joint Measurement Board, wadda ke awo bayan an cire takalman ƙarfe. Bana dai abin da za a tambaye ku a ƙofa shi ne fasfo, da shaidar allurar murar dawaki a cikinsa. A duba kwanan watan allurar tun yanzu.