Horon wata uku ko zama a shagon oga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Gombe, na gama difloma a fannin mulki shekara uku ke nan, aiki bai samu ba. An ce in cike fom ɗin koyon sana'a na gwamnati, wata uku, a ƙarshe a ba da kayan aiki. Kawuna kuma ya ce in je shagon abokinsa mai haɗa sola in yi shekara biyu. Wanne ya fi? Gaskiya ina jin nauyin zama yaron shago da takardata a hannu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka bi maganar kawunka. Fom ɗin ma ka cike, tunda ba kuɗi ake biya ba, amma kada ka jingina rayuwarka da shi.

Wata uku yana isa mutum ya san sunayen kayan aiki, ya ga yadda ake jona farantin sola da batir da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida). Ba ya isa ya san abin da zai yi ranar da mai kemis ya kira shi ƙarfe tara na dare ya ce firij ɗin magani ya mutu, kuma ranar ka haɗa masa. Wannan sai wanda ya tsaya bayan oga ya ga an warware irinta sau goma. A shago ne kuma za ka san dillalin da ke sayar da batir na jabu, da yadda ake yi wa mutum lissafin wutar da gidansa ke sha ba a cuce shi ba, ba a kuma yi asara ba. Masu ba da aiki ma a nan za su san fuskarka.

Gwamnati kanta ta san haka. Hukumar samar da ayyukan yi ta NDE, da aka kafa a 1986 zamanin Babangida, tun farko babban shirinta shi ne ta ɗauki matashi ta kai shi wurin mai sana'a ya koya a hannunsa. Asusun horar da ma'aikata na ITF, da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Jos, shi ke kula da tura ɗalibai masana'antu don kada su tsaya a karatun allo. Inda ake samun tangarɗa shi ne gajeren horon da ake yi don a yi bikin yaye. Na sha ganin keken ɗinki da injin niƙa da aka raba sun koma kasuwa ko kwalinsu ba a yaga ba, kuma ba na zargin yaran, domin an ba su kaya ne hannunsu bai faɗa ba. Ka tuna N-Power ta 2016, shirin gwamnati na ba matasa aikin wucin gadi: naira 30,000 a wata ta share wa mutane da yawa hawaye, amma da aka daina biya, wanda bai riƙe wata sana'a ba ya koma inda ya taso.

Zaɓin sola kuwa ya dace da lokaci. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, janareta ya gagari mai ƙaramin shago. Manoman rani a Dadin Kowa da bakin kogin Gongola suna ta neman injin ban-ruwa mai aiki da rana, haka masu rijiyar burtsatse da masallatai. Masu kafawa suna ƙaruwa, amma masu gyara idan ya lalace su ne ba su da yawa, don haka ka fi mai da hankali kan gyara da wayarin.

Wasu za su ce ka jira aikin haƙar man fetur na Kolmani da Buhari ya ƙaddamar a Nuwamba 2022. Allah ya kawo shi. Ko ya zo, mai walda da mai lantarki masu takardar shaida za a nema, kamar yadda 'yan kwangila ke yi a kamfanin siminti na Ashaka.

Nan ne diflomarka za ta yi maka rana. Ogogi da yawa gwanaye ne amma ba su da shaidar komai, shi ya sa kwangila ke wuce su. Kai idan hannunka ya faɗa, ka zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake farawa daga mataki na 3, sai na 2, sannan na 1. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna ma tana da tsarin auna abin da mutum ya koya a shago a ba shi shaida. Rubuta takardar farashi da riƙe littafin shiga da fita, ai ka riga sauran yaran shagon.

Batun kunya, na fahimce ka, kuma ba zan ce babu masu magana ba. Sati biyu za su yi su gaji.

Kafin ka fara, kawu ya zauna da abokin nasa a gabanka a yanke magana: shekara nawa, kuɗin abinci da na mota a kan wa, yaushe za a fara fita da kai aiki, kuma me za a yaye ka da shi. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Idan sunanka ya fito a na gwamnatin, ka nemi izinin oga ka je ka yi wata ukun a wannan fannin dai, ka dawo shago da kayan aikin.